Maganin 'Yan Dubiya

Kafin ku cika min waya da zagi cewa na ɓace muku, ku bari in faɗa muku inda na shiga. Masu cewa Labiba ta yi aure ta manta da mu, Allah ya amsa bakinku, amma ba a yi ba. Ina nan daram a gidanmu na Zongo, nan Kwatano, kuma har yau ni ce mai kankare tukunyar tuwo.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni 'yar Alhaji Gado ce, dillalin shanu. Saurayina sunansa Fa'izu, yana sayar da kayan gyaran babur a unguwar Gbégamey. Yana da kirki, ba ya wasa da salla, kuma in ya yi dariya sai in manta abin da ya sa nake fushi da shi. Aibinsa ɗaya ne a idon Baba, wando. Fa'izu yana sa irin wandon nan da in ya durƙusa gaida manya kowa sai ya riƙe numfashi yana jiran ya ji ƙarar yagewa. Duk ranar da ya nemi izinin turo magabatansa, Baba zai dubi wandon, ya dubi sama, ya ce, "Sai bayan Sallah." Bai taɓa faɗin wace Sallah ba. An yi ƙarama, an yi babba, an sake zagayowa, ni da Fa'izu muna nan muna cin naman Sallar mutane.

Ana cikin haka korona ta shigo gidanmu.

Ku da kuka san Zongo kun san yadda muka ɗauki ciwon nan. Takunkumin fuska, wanda mu nan muke ce wa kashine, a ƙarƙashin haɓa yake kwana, ba ya hawa hanci sai an hango ɗan sanda. Baba ma cewa yake ciwon masu kwana a ɗakin sanyi ne, ba zai kama mutumin da ya tashi cikin kashin shanu ba. Da mura ta fara masa, sai zazzaɓi, sai tari. Ni dai na tabbatar da akwai matsala ranar da Mma, mahaifiyata, ta ƙona miyar kuka har maƙwabta suka leƙo, shi kuwa ya cinye tuwonsa tas bai ce uffan ba. Mutumin da ke jin warin ƙauri tun daga masallaci, hancinsa ya daina aiki.

To a Zongonmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Da can fura ake kawowa, ko lemo, ko kaza in mutum na ji da kansa. Yanzu kowa likita ne. Mai dubiya zai zauna, ya yi "sannu, sannu," ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙwayoyi a leda, ya ce wannan shi ya tada wane da aka riga aka fara masa kuka. Baba kuwa mutum ne da zai daka wa bijimi tsawa ya tsaya cak, amma ba zai iya ce wa baƙo a'a ba. Kunya ce da shi kamar sabuwar amarya. Duk abin da aka miƙo masa sai ya haɗiye shi a gaban mai kawowa, ya kora da ruwa, don mutum ya koma gida da farin ciki. Wani da safe, wani da rana, wani bayan la'asar. Cikin Baba ya zama farmasi mai ƙofa a buɗe.

Fa'izu ma ya ga dama ta samu. Ya aro babbar riga wurin yayansa don ta rufe wandon, ya zo da kafso a cikin baƙar leda, wai wani abokinsa ne ya ce shi ne ƙarshen tari. Ina laɓe bayan labule ina kallo. Baba ya karɓa, ya haɗiye, ya ce, "Allah ya yi albarka." Fa'izu bai kai bakin titi ba wayata ta yi ƙara.

"Ya sa min albarka!!! Ki fara zaɓen anko."

Na mayar masa: "Albarkar ta rigar yayanka ce, ba taka ba."

Ban san dariyar ƙarshe ke nan da zan yi na tsawon lokaci ba.

Ba a jima ba numfashin Baba ya fara gagara. In ya ce "Labiba" sai ya huta a tsakiyar sunan. Leɓɓansa suka canza launi. Aka ɗauke shi zuwa cibiyar masu korona da ke bayan gari, daga nan suka wuce da shi ɗakin da Faransanci ke kira reyanimasiyo, mu muka gajarta shi zuwa reya. Ɗaki ne na waɗanda rai ya kai musu wuya. Aka sa masa bututu ta maƙogwaro, inji ke masa numfashi, aka kwantar da shi da maganin barci. Babu dubiya, babu leƙe, ko kwanon abinci ba a karɓa. Ku yi tunanin 'yan Zongo da mara lafiya a kwance kuma an hana su zuwa su dame shi. Sai suka tattaro duka suka tare a tsakar gidanmu.

Kullum da rana likitan da ke kula da shi, Dokta Tidjani, yakan kira wayata, saboda ni ce na yi lekol, wato boko, har na iya Faransancin da ya wuce na ciniki. Ina tsayawa a bakin rijiya, in saurara, in juya wa jama'a da Hausa. Mma na kan tabarma da carbi, ɗankwalinta a karkace, ita da ba ta fita ko ƙofar gida sai ta ɗaura shi ya zauna. Gwaggo Zinariya, ƙanwar Baba, tana gefe tana ɓare gyaɗa tana kuka a lokaci guda. A kujerar Baba kuwa, ta roba mai hannu, Baffa Yaƙubu ne ya baje. Ƙanin Baba ne, shi ma harkar shanu yake, a unguwar Agontinkon yake zaune, kuma shi ne waliyyina. Ma'ana, ko Baba ya ce e, bakin Baffa ne zai bayar da ni. Muryarsa kuwa in ya yi sallama a ƙofar gida, kajin maƙwabta sai sun watse.

Ranar da nake son ba ku labari, tun daga gaisuwar likita na san ba alheri. Bai tambayi Mma ba kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Ki saurare ni da kyau. Korona ɗin babanki ta fara lafawa, amma ta bar huhunsa a raunane, ga kuma bututu a maƙogwaro. Wasu ƙwayoyin cuta daban, bakteriya, sun samu hanya sun shiga. Zazzaɓi ya dawo da ƙarfi. Majinar da muke zuƙowa ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa. Injin ma sai da muka ƙara masa ƙarfi."

Na ce, "To ba sai a ba shi magani ba, Dokta?"

"Mun ba shi, bai ji ba. Mun kai majinar labo, ɗakin gwaji, don a gano kowace ƙwaya ce da maganin da ke kashe ta, amma sai an jira ta tsiro, kwanaki ake ɗauka. Babanki ba shi da kwanakin nan. Dole in zaɓi wani magani yau, kafin rana ta faɗi, kuma ba na so in yi canke. Ƙwayar cutar da aka yi ta ɗanɗana wa magani kaɗan-kaɗan takan saba da shi, ya zama ba ya mata komai. Me ya sha a gida? Duka nake so in sani, kada a ɓoye min ko ɗaya."

Na juya na fassara musu kalma da kalma, ban rage ba ban ƙara ba.

Gwaggo ta daina ɓare gyaɗa. Wani abokin Baba da na gani da idona yana miƙa masa ƙwayoyi ja da rawaya ya fara duba farcensa kamar yau aka ba shi su.

Sai Baffa ya miƙe, babbar rigarsa na tashi.

"Magani? Wane magani? Zuma da habbatussauda muka sani a gidan nan! Wallahi tallahi, duk wanda aka samu ya ɗura wa Yaya wani abu ba da izinin likita ba, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Babu mu babu shi. Ba aure, ba zumunci!"

Da ya ce "ba aure" ni ya kalla.

Shi ke nan, ya rufe bakin kowa da kwaɗo. Nan take tsakar gida ta cika da waliyyai. "Ni lemo na kawo." "Ni addu'a kawai na yi masa." Gwaggo ta ce ita ko farasitamol tsoronsa take ji, matar da jakarta in ta faɗi ƙasa sai ka ji kamar an zubar da tsakuwa. Mma ta zuba wa tabarma ido.

Na shige ɗaki na turo ƙofa. Na rubuta wa Fa'izu abin da ya faru. Ban gama ajiye wayar ba hoton kwalin kafsonsa ya shigo, gaba da baya, da saƙo a ƙasa: "Ki tura masa yanzu. Allah ya sa ba ni na kashe shi ba."

Na tura. Dokta Tidjani ya amsa da saƙon murya, ana jin ƙarar injuna a bayansa. Ya yi godiya, ya ce wannan ya taimaka, amma ba shi kaɗai ba ne. Ya ce ranar da aka kawo Baba, masu jinya sun ga kumburi a ɗuwawunsa, irin na allura, kuma ba hannun ma'aikacin asibiti ba ne ya yi ta. Allurar nan ita ya fi so ya sani.

Allura a ɗuwawun Alhaji Gado. Jama'a, ko a cikin tashin hankali sai da na tsaya na tambayi kaina wane mai ƙarfin hali ne ya ce wa Baba ya juya.

Na samu Mma a madafa tana wanke shinkafar da ta riga ta wanke.

"Mma, wa ya yi wa Baba allura?"

"Ki rage murya."

"Kin sani ke nan."

"Labiba, shekaruna nawa a gidan nan ban taɓa tona asirin dangin ubanki ba. Ki bar ni."

"Mma, mutuwa zai yi."

Ta ajiye ƙwaryar. Idonta ya kawo ruwa, ta sa bakin zani ta goge da ƙarfi kamar tana jin haushin idon. "Kin ji rantsuwar da aka yi. In na buɗe baki na raba gidan nan biyu, ubanki ya tashi ya tarar ni ce na raba. Ba bakina ne zai fara ba."

"In wani ya fara fa?"

Ta koma kan shinkafarta. Amma ni 'yarta ce, na san shirun Mma iri-iri ne, kuma wannan na e ne.

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Mutum ɗaya na sani a duk Zongo da zai iya farawa, kuma shi ne wanda zai fi kowa asara. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in yi shiru. Na ce wa kaina ai na tura hoto, na yi nawa, sauran na Allah ne. Na tuna anko, na tuna ɗakin da Fa'izu ya kama a unguwar Houéyiho ya yi masa fenti shuɗi don na ce ina son shuɗi. Sai na tuna yadda Baba ke hutawa a tsakiyar sunana. Na ɗauki wayar na rubuta wa Fa'izu.

"Ka zo gida. Ka faɗa a gaban Baffa. In ba wanda ya fara, ba wanda zai yi magana."

Alamar ya karanta ta fito. "Yana rubutu" ya bayyana, ya ɓace, ya sake bayyana.

"Kin san abin da kike nema?"

"Na sani."

"In na faɗa, mu shi ke nan."

"Na sani. Ubana ne, Fa'izu."

Na kifa fuska a filo na yi kuka irin mara kyan gani, mai majina, wanda ba a nunawa a fim. Ina son yaron nan, ina son shi har cikin ƙashina, kuma da hannuna na aika masa ya zo ya yanke igiyar. In kuma bai zo ba, na san ba zan iya ƙara kallon fuskarsa ba. Ta kowane gefe na rasa shi.

Ana idar da la'asar na ji ƙarar babur ɗinsa. Ko cikin babura dubu ina gane shi, yana da wani tari a ƙarshe kamar tsoho. Na fito da gudu ba takalmi.

Ya shigo ba aron riga, ba komai. Shi ne, da kashine a hanci yadda ya kamata, da wandon nan nasa mafi matsewa, baƙi. Ya yi sallama, ya wuce kai tsaye gaban kujerar Baffa, ya durƙusa.

Ɓarrr.

Wandon da muka shekara muna jira ya yage, ranar ya ga dama. Tun daga baya har cinya. Gwaggo Zinariya ta saki wata 'yar ƙara ta toshe baki da mayafi. Fa'izu ko motsi bai yi ba. Ya ajiye kwalin kafso a ƙasa gaban takalmin Baffa.

"Baffa, ni na kawo wa Alhaji wannan. Ba likita ya rubuta ba, ba ordonansi, a hannun aboki na karɓa. Na yi ne don ya so ni. Na ji rantsuwar da ka yi, kuma na yarda da ita."

"Kai!" Baffa ya miƙe har kujera ta faɗi. "Dama na sani! Ɗan iska mai wandon mata! Ka kashe min ɗan'uwa kana neman 'yarsa? Fita! Fita kafin in..."

"Zan fita, Baffa." Bai sunkuyar da kai ba. "Sai dai nawa kafso ne. Likita ya ce akwai allura, kuma ita yake nema kafin magariba. Ni na riga na rasa Labiba, ba abin da ya rage min. Don Allah wanda ya sani ya faɗa, kada ita ma ta rasa uba."

Ban san lokacin da Mma ta tashi ba. Sai ganinta muka yi ta fito daga ɗakin Baba rungume da babban kwanon samira, wanda take ajiyewa a ƙarƙashin gado. Ku sani, Mma ba ta zubar da komai. Leda, kwalba, murfin da tukunyarsa ta mutu tun ina goye, duk suna nan. Kuma kanta ba ya manta wa ya kawo me, ko a biki ko a suna, don in nasu ya tashi ta rama. Ashe haka ta yi da maganin 'yan dubiya. Ta zo tsakiyar tabarma ta kifar da kwanon.

Wayyo jama'a. Tuli guda. Fankon ƙwayoyi, kwalaye, 'yan kwalabe, wasu da rubutun Faransanci, wasu Turanci, wasu da rubutun da ko aljani ba zai karanta ba.

Gwaggo ce ta fara karyewa. "Wancan fari da kore nawa ne, amma wallahi rabi-rabi na ce ya riƙa sha." Abokin Baba mai duba farce ya ce ja da rawayan nasa ne, Allah ya yafe masa. Kafin ka ce me, waliyyan ɗazu suna ta tsintar zunubansu a tabarma, kowa na nuna nasa yana ba da uzuri. Ni kuwa ina durƙushe ina ɗaukar hoto ina turawa, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

Abu ɗaya ya rage ba wanda ya taɓa. Kwalba ce ruwan ƙasa, mai murfin roba da ramukan allura a kansa. A jikin takardarta, wadda mai ya jiƙa ya cinye rabin rubutun, akwai hoton kan saniya.

Mma ta ɗauke ta da yatsu biyu. Ba ta kira sunan kowa ba. Ta taka a hankali ta ajiye ta kusa da kwalin Fa'izu, a gaban takalmin Baffa.

"Alhaji Ƙarami, wannan ban iya karanta shi ba. Ka fi ni sanin shanu."

Na sha jin ana cewa borin kunya, ranar na gan shi da rawani. Baffa ya ce ai wannan ba maganin kasuwa ba ne, na gaske ne, daga hannun likitan dabbobi ya fito. Ya ce shi ya yi wa wani jan bijiminsa da ciwon huhu ya kayar, washegari ya miƙe yana neman faɗa. Ya ce huhu ai huhu ne. Yana magana muryar na raguwa, na raguwa, har ta ƙare. Sai ya zauna a ƙasa, a ƙasa fa, Baffa Yaƙubu, ya dafe kai.

"Yayana ne," ya ce. "Shi ya goya ni da uwarmu ta rasu. Na shigo na tarar yana jan numfashi kamar dabbar da za ta tafi. Abin da na iya ke nan. Me kuke so in yi, in tsaya ina kallo?"

Na zo da niyyar in tsane shi har abada, sai ga shi ina kuka tare da shi. Haushi ya kama ni da kaina.

Hoton kwalbar bai fita ba saboda man da ya ɓata takardar. Dokta Tidjani ya ce a kawo ta da hannu, yanzu, zai sa a karɓa a bakin ƙofa. Lokacin tashi daga aiki ne, mota ba za ta motsa a titi ba, sai babur. Duk tsakar gida muka juya muka kalli Fa'izu, wanda har lokacin yake durƙushe don ba halin ya miƙe a gaban mata.

Mma ta sake shiga ɗaki. Ta fito da wandon Baba na shadda, fari, mai faɗin da za a iya zuba buhun gero a kowace ƙafa. Ta miƙa masa tana kallon gefe. "Shiga bayi ka sa, ɗana."

Ɗana. Na ji, kuma na adana.

Haka suka fita. Fa'izu a gaba cikin wandon Baba, ya ɗaure shi da tazuge har ƙirji, iska na hura shi. Baffa a baya, hannu ɗaya riƙe da kwalbar saniya, ɗayan ya rungume cikin yaron da ya kora ɗazu, yana ta "Bi a hankali, ɗan nan, a'a, yi sauri!" 'Yan Zongo suka fito ƙofar gida suna kallo. Na san har jikokina sai an ba su labarin nan.

Ana kiran magariba likita ya kira. Ya ce ya karanta abin da ya rage a takardar. Maganin da yake shirin sa wa Baba ɗan gida ɗaya ne da na cikin kwalbar, kuma da ya sa shi, mai yiwuwa ƙwayoyin sun riga sun saba da irinsa. Ya canza zuwa wani. Bai yi min alkawarin komai ba. Ya ce mu yi addu'a, kuma don Allah mu daina ba mutane maganin shanu. Wannan na ƙarshen ban fassara ba, Baffa da ya dawo yana tsaye a bakin ƙofa ya ji Faransancin da kansa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Yau a ce zazzaɓi ya sauka, gobe a ce ya ɗan hau. Sakamakon labo ya fito da sunan wata ƙwaya mai tsawo da na kasa maimaitawa, aka ce magunguna da yawa ba sa mata komai, amma wanda aka sa yana cikin masu kama ta. Babbar Sallah ta zo ta same mu a haka. Aka yanka ragon Baba ba shi, na soya nama ban iya cin ko tsoka ɗaya ba.

Baffa kuwa ya riƙe rantsuwarsa. Tun ranar bai ƙara taka cikin gidan ba. Liman ya ce masa ya yi kaffara ya huta, ya ce ba zai yi ba sai Yaya ya tashi ya yanke masa hukunci da bakinsa. Kullum zai zo daga Agontinkon ya zauna a bencin ƙofar gida yana jiran kiran likita. Fa'izu ma rantsuwar ta hau kansa, shi ma sai ya rufe shago ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Da farko ba sa magana. Mma ta ƙi raba musu kwano, tire ɗaya take aika musu. Ran nan na leƙa ta taga na ji Baffa na koya masa yadda ake gane shekarun saniya ta haƙori, shi kuma yana gyaɗa kai cikin wani sabon wando mai faɗi da ban san lokacin da ya ɗinka ba. Maganar aure dai ba wanda ya tayar. Ni ma ban tambaya ba, tsoro nake ji.

Jiya da rana ina tsakar gida ina tsince shinkafa wayata ta yi ƙara. Dokta Tidjani. Na miƙe tire ya kife.

Ya ce, "An cire bututun tun jiya, yana numfashi da kansa. Akwai mai son magana da ke. Kada ki ja shi da surutu, maƙogwaronsa bai warke ba."

Na ji ƙarar inji, na ji motsin zanin gado. Sai wata murya, a dishe, siririya, kamar ba ta mutumin da ke tsawata wa bijimi ba.

"Labiba."

A numfashi ɗaya ya faɗe shi. Bai huta a tsakiya ba. Na zauna a kan shinkafar. Mma ta rarrafo ta manna kunnenta a bayan wayar.

"Na'am, Baba. Na'am."

"Likitan nan... ya ce ƙanina da surukina ne suka kawo kwalba." Ya yi tari, ya huta. "Yaushe na yi suruki ban sani ba?"

Ashe a ƙofar cibiyar masu gadi sun ce dangi kawai za su tsaya, Baffa ya nuna Fa'izu ya ce surukin mara lafiyan ne. Bai taɓa gaya mana ba.

Ina kuka ina dariya, hanci na zuba. Ban san inda na samo bakin ba, na ce, "Kai ka ce sai bayan Sallah, Baba."

"To?"

"Sallah ta wuce."

Inji kawai nake ji yana ƙara a hankali. Mma ta damƙe min hannu har farcenta ya shige.

"Ba ni Yaƙubu," in ji Baba.

Na tashi, shinkafa manne a zanina, na nufi ƙofar gida da wayar a hannu. Suna kan benci su biyu, tire ɗaya a tsakaninsu. Suka ɗago tare. Na miƙa wa Baffa, ya goge hannunsa a riga, ya sake gogewa, sannan ya karɓa da hannu biyu. Fa'izu ya yunƙura zai ba su wuri, Baffa ya kamo gefen wandonsa ya zaunar da shi.